Ƙarin Girman Marigayi Kofur Kailu

Ranar da aka binne Kailu, Kofur ne. Haka liman ya ambace shi, haka kuma mutanen da suka raka gawar, waɗanda ba su cika talatin ba, suka san shi: Kofur Kailu, tsohon soja, mai gadin wani magaza, wato sito, na shinkafa a bakin tashar jiragen ruwa ta Treichville da ke birnin Abidjan, wanda ya shekara ashirin da shida yana zaune a kan benci guda. Ya rasu ranar Talata da hantsi bayan ya yi kwana huɗu yana fama da ƙirji. Kafin la'asar an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan hayar da yake zaune a Bromakoté, cikin unguwar Adjamé, maƙwabta Jula da Mosi suna wucewa suna cewa yako, wato gaisuwar ta'aziyyar mutanen garin.

Mai karɓar gaisuwar shi ne Fatihu, ɗansa guda namiji, mai shekara talatin da biyar. A Abidjan aka haife shi, a nan ya yi makaranta, kuma Hausarsa ta cikin gida ce. Tana isarsa ya gaida manya, ya yi ciniki, ya amsa kiran uwarsa, amma idan magana ta yi tsawo sai ta zame masa zuwa Faransanci ba tare da ya sani ba. Aikinsa bin takardun fitar da kaya a tasha, a ƙarƙashin Alhaji Abdulbaƙi, mutumin Kano mai shigo da shinkafa, wanda kuma shi ne mai magazan da marigayin ya yi wa gadi.

Alhajin bai samu zuwa jana'iza ba, domin wata kwantenarsa ta maƙale a hannun 'yan duwan, wato kwastan. Sai ranar uku ya zo, a cikin motar da ta toshe lungun gaba ɗaya har mai tura ruwa ya rasa hanya. Ya zauna a kujerar da aka aro masa daga shagon aski, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya share fuska ya ce al'umma ta yi babban rashi, don irin su Saje Kailu ba a samun su kullum. Fatihu ya ɗauka tuntuɓen harshe ne.

Ranar bakwai Alhaji Yazid ya zo. Shi kuma asalinsa Maraɗi, amma kakansa ne ya fara sauka Adjamé, kuma rabin shagunan atamfa da ke bakin babbar kasuwa nasa ne ko na surukansa. Da ya ji ana ta faɗin Saje, sai ya yi murmushi irin na wanda ya san abin da wasu ba su sani ba, ya ce a can gida Nijar ai Ajidan ake ce masa, kuma Ajidan ya fi Saje nesa ba kusa ba.

A nan ne Fatihu ya fara gane inda aka dosa. Saura wata biyu a yi zaɓen shugaban ƙungiyar Hausawa 'yan kasuwa, kuma alhazan nan biyu su ne masu nema. 'Yan Najeriya na bayan ɗaya, 'yan Nijar na bayan ɗaya, ƙuri'a ta kusa yin daidai. Shi kuwa Kailu an haife shi a wani ƙauye kusa da Madarunfa, amma kakin Najeriya ya sa. Duk wanda ya mallaki gawar nan, ya taɓa zuciyar ɓangarorin biyu. Abin da babu wanda ya tuna shi ne, sau biyu marigayin yana neman a ba shi katin ƙungiyar, sau biyu ana gaya masa cikin ladabi cewa ƙungiya ta 'yan kasuwa ce, mai gadi kuwa ba ya sayar da komai.

Kafin a tashi daga zaman bakwai, Alhaji Abdulbaƙi, wanda shi ma ya dawo ranar, ya sanar cewa za a yi taron tunawa da marigayi ranar arba'in, a Treichville, za a rufe titi a kafa rumfuna. Alhaji Yazid ya ce shi zai kawo sa da lasifika. Aka naɗa kwamiti na mutum tara, kwamitin ya naɗa ƙananan kwamitoci huɗu, aka ɗora wa Fatihu abu biyu: ya kawo hoton mahaifinsa cikin kaki, kuma ya rubuta tarihinsa ya karanta a gaban jama'a, da Hausa.

Da ya zauna zai rubuta, sai ya tarar bai san komai ba. Ya san mahaifinsa mutum ne mai tashi kafin kiran assalatu, mai ninke tabarmarsa kusurwa huɗu daidai, mai leƙa tukunyar matarsa ya girgiza kai ya wuce. Ya san yana da wani tabo mai faɗi a damtsen hagu. Amma zancen yaƙi, ko sau ɗaya bai taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. Idan yaran gidan suka dame shi ya ba su labarin harbi, cewa yake su je su wanke hannu.

Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, Tabawa, wadda ke cikin takaba, ya durƙusa ya gaya mata abin da aka ɗora masa. Ta saurare shi har ya gama, ta tambaye shi a wane matsayi ake yanzu. Ya ce jiya ya ji sakataren kwamiti na cewa Kyaftin. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta jawo wata tsohuwar gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado, ta fito da ɗan littafin sallama daga soja, da wani littafin ma'aikatan jirgin ruwa mai cike da hatimai, da hoto guda. A hoton, Kailu na tsaye da ƙuruciyarsa, cikin fararen kaya masu maɓallai jere biyu, da doguwar farar hula, yana riƙe da ƙaton ludayi.

"Inna, babu na kaki?"

"Wannan shi ne kakinsa. In tarihi kake so, tafi wajen Baba Mika'ilu. Tare suka sha wahalarsu, ni a ƙarshenta na same shi."

Hoton ya fara kai wa kwamiti, don suna ta kiransa a waya. Shugaban ƙaramin kwamitin hoto ya juya shi sama da ƙasa, ya ce babu damuwa, akwai wani mai buga alluna a Adjamé da ya iya gyaran irin wannan. Bayan kwana biyu aka turo wa Fatihu sakamakon a waya. An sare doguwar hular an ɗora ta hafsoshi mai baki. Fararen kayan sun koma kore. An jera lambobin yabo guda bakwai a ƙirji, ɗaya daga ciki ta yi kama da wadda ake ba masu tseren keke. Ludayin kuwa ya zama sandar girma. Fuskar kaɗai aka bari, tana kallon mai ɗaukar hoto da irin kallon mutumin da ya bar abu a kan wuta.

Ranar Asabar ya hau gbaka, ƙaramar bas ta haya, daga Adjamé, ya ƙetare gada, ya sauka Treichville. Ya sami Baba Mika'ilu inda aka ce zai same shi, a kan wani kututture kusa da rumfar mai sayar da garba, wato acheke, dambun rogo, da soyayyen kifi, yana kallon manyan motoci suna shiga tasha. Tsoho ne siriri, kunnensa guda ya mutu saboda shekarun da ya yi a ɗakin injin jirgi. Da Fatihu ya nuna masa hoton da aka gyara, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya ko wane ne. Da aka gaya masa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, mai garba ya miƙo masa ruwa.

Sai da ya huce ya fara ba da labarin, yana yi yana tsayawa idan mota ta wuce. Ya ce Kailu bai taɓa niyyar shiga soja ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ubansa ya aike shi kasuwar Jibiya ya sayar da jaki, lokacin ana yaƙin basasa a Najeriya. Ya ga dogon layi a gindin wata bishiya, ya ɗauka allurar lamba ake yi, ya bi. Aka auna tsawonsa, aka duba haƙoransa, aka jefa shi a mota. Jakin ma bai san wanda ya tafi da shi ba. A bariki wani Samanja ya tambaya wa ya iya girki, shi kuwa ya ji an ce masu girki ba sa fareti da rana, sai ya ɗaga hannu, alhali ko ruwan zafi bai taɓa dafawa ba. Makon farko sojoji suka kusa kashe shi saboda wake mai tsakuwa. Tsoro ya koya masa girki, kuma ya koya da kyau, har hafsoshi suka riƙa rigima a kan wace runduna za a ba shi.

Fatihu ya tambaya ko ya taɓa harbi. Tsohon ya ce sau ɗaya, bisa kuskure, kuma gangar ruwa ya samu. Tabon damtse kuwa man gyaɗa ne ya kife masa. Amma akwai ranar da wasu sojoji arba'in suka kwana uku a ƙetaren wani kogi babu abinci, ana ta ruwan wuta a kan hanyar, kowa ya ƙi zuwa. Kailu ya ɗora tukunyar dafa-duka a ka, ya shiga ruwa har wuya, ya kai musu, ya tsaya sai da suka cinye don kada ya koma babu tukunyar. Da ake yaba masa daga baya, ya ce shi ba jarumta ba ce, Samanjan ya fi harsashi ban tsoro. A kan wannan aka ba shi igiya biyu, kuma a nan girmansa ya tsaya. An kai shi Lebanon aikin kiyaye zaman lafiya, can ma tukunya ya tarar tana jiransa, ya dawo ya iya gasa gurasar Larabawa.

Bayan shekara goma sha uku ya ajiye kaki, ya sami aikin kuku a jirgin dakon kaya a Ikko, a nan suka haɗu da Mika'ilu. Sun ga Jidda, sun ga Bombay, sun ga wani gari a Turai inda rana ba ta fito ba har suka bar shi. Kailu yakan ce duk garuruwan duniya iri ɗaya ne, domin ta tagar kicin yake ganinsu. Jirginsu na ƙarshe ya iso Abidjan, masu shi suka ɓace, aka ja shi tsakiyar tabki aka ɗaure. Kyaftin ɗin ya ce zai je gari ya buga waya, bai sake dawowa ba. Mutum ashirin da biyu suka rage, Girkawa da 'yan Filifin da 'yan Gana da su biyu, babu albashi, babu takardar sauka, abinci ya ƙare a wata na biyu.

"Wata goma sha ɗaya muka yi a kan ruwan nan da ka ƙetaro yanzu," in ji tsohon. "Ubanka ya ciyar da mu kullum sau biyu. Ya yi ƙugiya da waya yana kamun kifi. Ya ba mata masu kwalekwale igiya da gwangwanayen fenti, su ba shi acheke da barkono. Da zazzaɓi ya kayar da ni, da cokali ya riƙa ɗura mini kunu har sati uku. Ko mutum ɗaya bai mutu ba. Ka rubuta wannan."

Ya ƙara da cewa a cikin matan kwalekwalen akwai wata yarinya mai tsananin ciniki, 'yar wani mahauci ɗan Tawa, wadda ba ta taɓa yarda a cuce ta da ko rabin gwangwani ba. Ita ce Tabawa. Da aka sallami ma'aikatan jirgin kowa ya kama hanyar ƙasarsa, Kailu ya ce shi ya iso. Ya yi shekaru yana girki a wani gidan abinci na 'yan dako, har hayaƙi ya cinye masa ƙirji, likita ya hana shi kusantar murhu, shi ne ya koma gadi.

Fatihu ya koma gida ya ɗauko takarda da biro. Kwana biyar yana rubutu. Ya fara da Faransanci, ya cika shafi uku, sannan ya riƙa juya shi zuwa Hausa layi-layi, yana leƙawa ɗakin uwarsa yana tambayar kalmomi. Da ya gama ya kai wa Alhaji Abdulbaƙi a ofis, domin ya ce sai ya gani kafin ranar.

Alhajin ya sa tabarau ya karanta, yana gyaɗa kai. Ya ce rubutu ya yi kyau, an ga amfanin boko. Sai dai a cire jakin, a cire gangar ruwan, a cire duk inda tukunya ta fito. Kogin a bar shi, amma a sa masa bindiga a hannu. Jirgin ma a bar shi, tunda kyaftin ya gudu, ai wanda ya riƙe mutane shi ne kyaftin. Fatihu ya ce, cikin ƙaramar murya, in an cire tukunya babu abin da ya rage.

"Ɗana, ba a rufe titi a tara mutum ɗari biyar saboda kuku. Girma muke nema wa mahaifinka. Ko ba ka so?"

Fatihu ya dubi teburin da yake cin abinci a ƙarƙashinsa, ya ce yana so, ranka ya daɗe. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai cire komai ba, bai kuma san abin da zai yi da ita ba.

Ranar arba'in ta faɗo Lahadi. Tun da safe aka rufe titin, aka kafa rumfuna shida. Da Fatihu ya iso ya tarar da alluna biyu suna fuskantar juna, kowanne da hoton nan mai lambobi bakwai. Na hannun dama an rubuta KANAR KAILU, GWARZON NAJERIYA. Na hagu an rubuta da Faransanci cewa Kolonel ne, ɗan Nijar na asali. Ashe a kan girman dai an daidaita a zaman kwamiti na ƙarshe, ƙasar ce aka kasa. An ɓata kusan awa guda a kan kujerun gaba, don kujera ɗaya tak mai hannuwa aka kawo, sai da aka aika gidan wani aka ɗauko ta biyu, ita kuma ta fi ta farko tsawo, aka sa wa gajeriyar matashi. Baba Mika'ilu ya zo da wankakkiyar rigarsa, wani ɗan kwamiti ya duba takarda bai ga sunansa ba, ya nuna masa benci a can baya kusa da masu sayar da ruwan leda.

Mai riƙe da lasifika shi ne Nazir, sanƙiran da ake ɗauka a duk bikin aure da suna na Hausawan Abidjan, mutumin da zai iya yi wa ɗan acaɓa kirarin da zai sa ya ji kamar shi ya gina gadar. Bayan an sauke Alƙur'ani an yi addu'a, ya gabatar da Alhaji Abdulbaƙi.

Alhajin ya yi magana ta minti arba'in. Ya ce ba mai gadi ya ɗauka ba, mai ba da shawara ya ajiye a ƙofa, kuma babu wata kwantena da ya taɓa saye bai tuntuɓi Kanar ba. Ya ce da idonsa ya ga tabon harsashin Lebanon. Ya tuna wa jama'a shekarar rikici, lokacin da aka rufe hanyoyi 'yan dako sama da sittin suka maƙale a tasha, yadda ya ba Kanar umarni ya buɗe magaza ya dafa musu shinkafa har kwana tara. A nan muryarsa ta karye, aka miƙa masa hankici. Fatihu ya tuna shekarar sarai. Ya tuna cewa babu wanda ya ba da umarni, domin Alhaji na Akara a lokacin, kuma da ya dawo ya ga buhunan da suka tafi, sai da ya dakatar da tsohon daga aiki wata guda.

Alhaji Yazid ya tashi bai da niyyar a fi shi. Ya ce wasu sun san marigayi a wurin aiki, shi kuwa a jini ya san shi, domin kakarsa ta wajen uwa da kakar Kolonel 'yan ɗaki ɗaya ne a ƙasar Madarunfa. Ya ce an so a ba shi Janar ya ƙi, saboda tawali'u irin na mutanen Nijar. Ya ce gidansa gidan dangin Kolonel ne, ƙofarsa a buɗe take gare su dare da rana, har abada. Mutanensa suka yi tafi, wayoyi sama da hamsin suna ɗauka.

Sannan aka kira Fatihu. Ya tsaya tsakanin allunan biyu, ya buɗe takardarsa, ya yi sallama. Ya karanta layin farko lafiya. A layi na biyu ya ɗaga kai ya ga idon Alhaji Abdulbaƙi, sai Hausar ta watse masa kamar an kunce tsintsiya. Ya tsaya cak, sannan ya ji bakinsa ya ci gaba da kansa da Faransanci. Nazir, wanda bai taɓa barin shiru ya yi daƙiƙa uku a taronsa ba, ya matso ya ce zai fassara wa dattawa.

Fatihu ya ce mahaifinsa ya shiga soja ne bisa kuskure, ya je sayar da jaki. Nazir ya ce marigayi ya bar dukiyar gidansu da dabbobinsu ya amsa kiran ƙasa. Fatihu ya ce kuku ne, shekara goma sha uku yana dafa wa sojoji abinci. Nazir ya ce shi ne babban kwamandan da rayuwar runduna duka ke hannunsa, in bai ba da izini ba ko Janar ba ya karyawa. Fatihu ya ce sau ɗaya ya taɓa harbi, ganga ya fasa. Nazir ya ce harbi ɗaya ya yi a duk yaƙin, kuma har yau ana zancen abin da ya fashe. Fatihu ya ba da labarin kogin, da jirgin, da kunun da aka ɗura wa Mika'ilu, bai tsallake komai ba. Nazir na biye da shi, yana mayar da tukunya tanka, ludayi takobi.

Abin da ya fi ba Fatihu mamaki shi ne, kusan duk wanda ke wurin yana jin Faransanci. Da shi suke ciniki, da shi suke faɗa da 'yan duwan. Sun ji abin da ya faɗa, sun ji abin da Nazir ya faɗa, suka zaɓi na biyun suna gyaɗa kai suna cewa Allahu akbar. Samari ne kawai a baya suke danne dariya da hula.

Da ya kai ƙarshe, Baba Mika'ilu ya miƙe daga bencinsa. Saboda kunnensa, bai san ƙarfin muryarsa ba, har bakin titi aka ji shi.

"Kailu kuku ne. Ni na ci abincinsa shekara bakwai. Ban ga wanda ya kai shi ba, kuma wannan na jikin allo ban san shi ba."

Nazir ya yi gyaran murya ya ce jama'a sun ji da kunnensu, abokin gwagwarmayar Kanar ya shaida cewa babu kamarsa, har hoto ma ya kasa ɗaukar kwarjininsa. Aka yi tafi mai ƙarfi, aka shigo da abinci, taro ya koma kan naman sa.

Ana tashi wasu 'yan dako su shida, Mosi da Bawule, waɗanda ba a gayyata ba kuma suka tsaya a rana tun farko, suka zo suka kama hannun Fatihu ɗaya bayan ɗaya. Babbansu ya ce suna cikin waɗanda tsohon ya dafa wa shinkafa a shekarar rikici, kuma sun ji abin da ya karanta, haka yake. Ba su ci naman ba, suka tafi.

Washegari Fatihu ya je ofis yana jiran kora. Alhaji Abdulbaƙi ya tarbe shi da fara'a, ya ce jawabi ya yi armashi, bai san yaron ya iya magana haka ba. Da ya ba uwarsa labarin duk abin da ya faru, tambaya ɗaya ta yi, ko an ba Baba Mika'ilu abinci. Ya ce bai lura ba. Ta sa aka dafa tuwo da miyar kuɓewa, ya hau gbaka ya kai masa.

Zaɓe ya zo, Alhaji Abdulbaƙi ya ci da ƙuri'a goma sha ɗaya. Alhaji Yazid ya ce an yi maguɗi, ya fice ya kafa tasa ƙungiyar, ya sa mata sunan Kolonel Kailu. Ita ma, kamar ta farkon, 'yan kasuwa kaɗai take karɓa.

Bidiyon taron kuwa ya yi ta yawo a waya har ya isa Madarunfa. Wata biyu bayan haka, da hantsi, wasu mutum biyar suka sauka a tashar motocin Adjamé da buhunansu, suka yi tambaya har ƙofar gidan. 'Ya'yan ƙannen marigayi ne, sun kwana uku a hanya, sun zo ta'aziyya, kuma su ga yadda za a yi da gidaje da motocin da Kolonel ya bari. Fatihu ya shigar da su, suka gaida Tabawa, suka dubi ɗaki biyun da kwanon rufin da ke yoyo, suka dubi juna. Babbansu ya tambaya a hankali ko nan ne masaukin masu aiki.

Fatihu ya ba su ruwa, ya bari suka huta, ya yi musu bayani iyakar Hausarsa. Ba su gamsu ba, don sun ga lambobin da idonsu. Da ya ga haka, sai ya tare musu tasi biyu, ya raka su har ƙofar gidan Alhaji Yazid, ya gaya wa mai gadi a sanar da Alhaji cewa danginsa na wajen kaka sun iso. Babban nasu ya riga ya buɗe bidiyon a wayarsa, daidai inda ake cewa dare da rana, har abada. Alhajin ya fito, ya ga mutanen unguwa sun taru suna kallo, ya rungume baƙin ɗaya bayan ɗaya.

Suna can har yanzu, wata na bakwai ke nan. Biyu sun aika a kawo matansu.